Jami'a Ta Ɗaya a Layi

Alhaji Barau bai taɓa zama a aji ba, amma ranar da jarida ta jera jami'o'in ƙasar nan daga ta ɗaya har ta ƙarshe, duk faɗin Birnin Kudu babu wanda ya riga shi gane al'amarin. Ai abin ba wuya. Mutumin da ya fara da yaron mota, ya zama direba, har ya mallaki motocin kansa masu jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Kano, wa zai koya masa ma'anar layi? A tasha motar da take kan layi ita take lodi, sauran su jira. To ashe jami'o'i ma layi gare su, kuma shekara uku ke nan ɗansa Musbahu yana zaune a wadda take can baya, ba wanda ya gaya masa.

A rumfar manyan tasha aka karanta, bayan la'asar. Malam Abdulsamad, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya ya koma karanta wa majalisa jarida a bakin shayi da tsire, shi ya gyara tabarau yana bin jerin da yatsa. Jami'ar ɗan Alhaji Manu ba a sha wahalar nemanta ba, ita ce ta shida. Shi kuwa Alhaji Manu, tun suna da baƙin gemu suke takarar shugabancin tasha da Alhaji Barau. Ya gyara zaman hula ya ce, "Alhamdu lillahi. To a duba mana ta su Musbahu."

Yatsan Malam ya yi ta gangara, ya yi ta gangara, har sai da aka juya shafi.

"Ta arba'in da bakwai," in ji Malam.

"Ai ba laifi, Alhaji," in ji Alhaji Manu cikin tausayi irin na abokin hamayya. "Ko a nan ma akwai motar da sai ta kwana biyu kafin layi ya zo kanta."

Aka yi dariya, har da waɗanda Alhaji Barau ya saya wa shayin da yake hannunsu.

Washegari Musbahu ya iso gida hankali a tashe, don abin da aka ce masa a waya kawai shi ne ya taho maza. Yana aji uku a wata jami'a a maƙwabciyar jiha, yana karanta ilimin gwaje-gwajen asibiti, jarrabawa ta ƙarato. Yaro ne da ba ya son komai kamar aikin nan. Tun yana sakandare, in ya raka mara lafiya babban asibitin garin, sai ya maƙale a tagar ɗakin gwajin jini har a kore shi. Ya sami mahaifinsa a zaure, ya durƙusa.

"Baba, wa ya rasu?"

"Mutuncina," in ji Alhaji, ya jefa masa jaridar. "Ka kwaso kayanka. Ta ɗaya za ka koma."

Musbahu ya karanta, ya ɗan ji sanyi a ransa, don ya zaci abu ne da bayani zai warware.

"Baba, saura shekara biyu in gama. Malamanmu suna shiga aji, muna da kayan aiki, ana kai mu asibiti koyon aiki. Masu wannan jerin ba ajinmu suka leƙa ba. Yawan farfesoshi suke dubawa, da yawan masu shiga shafin makaranta a intanet."

"Ta nawa ce?"

"Baba, ai kowane fanni da inda ya fi..."

"Na ce ta nawa ce? In kun gama, ka zaci daga ƙasa gwamnati za ta fara ɗauka? Sai 'yan ta ɗaya sun cika, a kira ta biyu. Kafin a zo kanka ka yi furfura. Ni fa gata nake yi maka, da ubana ya yi mini irinsa da yanzu ina Abuja."

Musbahu ya shiga wajen mahaifiyarsa, Hajiya Lami, ko za ta sa baki. Ta saurare shi tsaf tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri, Babanku ya fi ka sanin duniya. Bin na gaba bin Allah ne." Ba ta gaya masa cewa tun da safe matar Alhaji Manu ta aiko yi mata jaje ba.

Jami'a ta ɗaya, da yake ta san girmanta, ba ta karɓar ɗalibi daga ta arba'in da bakwai a tsakiyar karatu. Sai dai a sake jarrabawar shiga, a faro daga aji ɗaya. Alhaji ya ce wannan ma shaida ce ta inganci. Kafin lokacin jarrabawar ya zo, ya tura Musbahu tashar Gwaram ya riƙa kula masa da lodin motoci, kada zaman banza ya lalata shi.

A can Musbahu ya koyi wata dabara ta mahaifinsa. In mota ta hau layi babu kowa a ciki, sai a samo majiya ƙarfi uku ko huɗu daga masu zaman kashe wando a zaunar da su a ciki, a ɗora musu jaka a cinya. Fasinja ya leƙa ya ga saura kaɗan ta cika, ya biya ya shiga. Da ya zauna, sai ɗaya daga cikin waɗanda aka zaunar ya tuna bai yi alwala ba, ya sauka, shi ke nan an ga bayansa.

Ranar Juma'a Musbahu yakan wuce Maruta wajen kakarsa ta wajen uwa, Inna Hapsatu, tsohuwa mai 'yan shanunta da ɗan lambu a bayan gida. Ita kaɗai take sa shi dariya.

"Maigidan nawa," ta ce masa, "an ce an ciro ka daga makaranta za a kai ka wadda ta fi. Ka gama waccan ɗin ne?"

"Ban gama ba, Inna."

"Ikon Allah. Mu dai ko madara ba ma sauya mata ƙwarya sai ta kwanta." Da yake suruka ba ta da bakin magana a harkar gidan surukinta, sai ta tura masa fura.

Musbahu ya ci jarrabawa, ya tafi can kudu mai nisa, ya koma aji ɗaya cikin yaran da ko gemu ba su fara ba. Nan ya ga yadda ta ɗaya take. Ɗakin lacca ya cika ya batse, wasu a taga, wasu a ƙasa, malami yana magana a can gaba ana ganin motsin bakinsa kawai. Madubin duba ƙwayoyin cuta guda biyu ne ga ajin duka, ɗaya kuma ya lalace tun zamanin soja. Manyan farfesoshin da sunayensu suka ɗaga makarantar kuwa suna ƙasashen waje, hotunansu ne suke aiki a bango. Da ya zo hutu ya yi wa mahaifinsa bayani, Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ka taɓa ganin mota mai kyau babu cunkoso?"

Shi Alhaji lokacinsa ne ya zo. Ya sa aka rubuta TA ƊAYA da jan fenti a bayan kowace motarsa, ya kuma ci zaɓen shugaban tasha. Musbahu ya daure. Yajin aikin malamai ya cinye shekara guda, ya daure. Abokansa na makarantar farko suka gama, suka turo masa hotunansu da kayan bautar ƙasa, ya yi musu murna da baki, ya shiga banɗaki ya yi kuka. Da ƙyar da jiɓin goshi ya sake hawa aji uku.

Sai wata la'asar Alhaji Manu ya iso rumfa da sabuwar jarida a hammata, yana fara'ar da ba ta alheri ba. Malam Abdulsamad ya gyara tabarau. Wadda take ta ɗaya a da ta koma ta goma sha huɗu. Wata jami'ar kuɗi ce a kusa da Abuja ta haye sama.

"Amma fa, Alhaji," in ji Malam, don yana da ɗan sauran tsoron Allah, "jerin nan bana kashi uku na gani, kowanne da tasa ta ɗayan."

"Wanne ne mai kala?" in ji Alhaji.

"Wannan na hannuna."

"To shi ne na gaskiya. Wa zai ɓata kala a kan ƙarya?"

Wannan karon Musbahu bai tambayi wa ya rasu ba. Ya zube a zaure, ya kama ƙafar mahaifinsa.

"Baba, don girman Allah ka bar ni in ƙarasa. Shekarata shida ina karatun nan, ban wuce aji uku ba. Ko ta ɗari ce ka bar ni."

"Layi ya motsa, ka ce a bar ka a motar da aka ture gefe?"

"Baba, jerin nan kamar yadda muke yi ne a Gwaram. Su ma suna zaunar da mutane a mota don a ga ta cika. Sunayen malaman da ba sa nan suke rubutawa, da gine-ginen da ba a shiga."

Alhaji ya janye ƙafarsa. "Au, zagina za ka yi? Da sana'ar da na ciyar da kai? Wato ni ne maƙaryaci. Madalla da boko."

Musbahu ya kai kuka wajen limamin unguwa. Liman ya zo har gida, aka shimfiɗa masa darduma, Alhaji ya tare shi da ladabi. "Allah ya gafarta Malam, ni fa ba hana shi karatu na yi ba. Gaba nake kai shi. A ina aka taɓa jin uba ya yi laifi don ya nema wa ɗansa abin da ya fi?" Liman ya yi addu'ar Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya tafi. Hajiya Lami ta ce wa ɗanta, "Kai ma ka cika gardama. Wasu fa nema suke a kai su ko ta ƙarshe ba su samu ba."

Sabuwar ta ɗayan, a gaskiya, ƙofarta abin kallo ce. Ga ruwa yana tsiri a tsakiyar fili, ga furanni, ga masu gadi da kaki mai guga. Suka yi wa Musbahu alfarma suka sa shi a aji biyu, Alhaji ya sayar da mota biyu yana alfahari. Ba a daɗe ba Musbahu ya ji daga bakin ma'aikatan wurin cewa kamfanin da ya fitar da jerin mai kala walima yake shiryawa duk shekara a wani otal, makarantar da ta kama babban teburi ita take tafiya da babban kambu. Bai gaya wa kowa a gida ba. Ya riga ya koyi cewa gaskiya ba ta da kala.

Ya sunkuyar da kai ya yi karatu, ya wuce aji uku a karo na farko a rayuwarsa, ya kai ajin ƙarshe. Har ya fara tunanin irin farar rigar da zai ɗinka. Sai aka tara su a wani ɗaki mai sanyi, wani mutum mai laushin murya ya shaida musu cewa hukumar da take ba masu gwajin asibiti lasisi ba ta taɓa amincewa da fannin a makarantar ba. Amma kada su damu, ana kan magana. Aka yi ta magana har shekara ta zagayo, sannan aka rufe fannin. Aka ce duk mai so yana iya zaɓar wani fannin ya faro daga aji ɗaya, makaranta za ta yi masa ragi.

Haka Musbahu ya dawo Birnin Kudu ya haura shekara talatin, da akwati cike da littattafai, babu takardar da zai nuna wa ko mai gadin asibiti. Yaran tasha suka sa masa suna Farfesa. Ya daina zuwa ɗaurin aure, don kowa sai ya tambaye shi yaushe za a gama. Ya rame, ya koma yini a ɗaki, abinci sai an yi da gaske. Ranar da ya kai Hajiya Lami gwajin jini, ya hango wadda take sa hannu a sakamakon, yarinya ce da take bayansa da aji ɗaya a makarantarsa ta farko. Ya laɓe a bayan ginshiƙi har mahaifiyarsa ta fito.

Masu jera jami'o'i ba su san da shi ba, kuma ba za su sani ba. Su nasu su buga, a saya, baɗi su sake juya lambobin su buga. Babu wanda zai je ya tambaye su wace ce ta ɗaya wajen kai ɗan mutane ga gaci. Abin takaicin shi ne a gidan da aka yi ɓarnar ma babu mai tambaya. Hajiya ta ce jifa aka yi wa yaron, ta shiga neman rubutun sha. Alhaji ya ce ƙaddara ce, kuma mumini ba ya jayayya da ƙaddara.

Inna Hapsatu ce ta aika ya zo Maruta. Ta dube shi ta daɗe, ba ta kira shi maigida ba ranar.

"Babu wata makarantar da ake gamawa?" ta ce.

Ya ce akwai wata ƙaramar kwalejin koyon aikin lafiya a cikin jihar, ba jami'a ba ce, amma in mutum ya yi shekara uku za a ba shi takarda ya yi aiki a ɗakin gwaji, ko da a ƙarƙashin wasu ne. Tsohuwa ta nuna wata jar saniya a turke. "Jikar maraƙar da na ba ka ranar sunanka ce. Taka ce, ba ta ubanka ba. A kai ta kasuwa."

Aka ɗauke shi a kwalejin. Musbahu ya yi aski, ya wanke kayansa, abinci ya fara shiga. Ya haɗa jakarsa a Maruta da niyyar in ya fara zuwa aji sai ya aika a roƙi mahaifinsa. Amma cikin direba ba ya riƙe magana, labari ya kai kunnen Alhaji. Ranar da zai tafi, da hantsi, sai ga motar Alhaji ta tsaya a gindin tsamiyar ƙofar gida. Bai shiga ba, gidan surukai ne, ya aika a kira masa ɗansa. Musbahu ya fito da jakar a hannu ya durƙusa.

"An ce ka sami makaranta," in ji Alhaji. "Ta nawa ce?"

"Ba jami'a ba ce, Baba. Ba ta cikin jerin."

"Ko a ƙarshe?"

"Ko a ƙarshe."

"Wato daga ta ɗaya ka faɗo inda ko lamba babu. Ɗan shugaban tasha. So kake Manu ya yanka rago?"

"Baba, takarda kawai nake so in riƙe a hannuna, ko ta mece ce. Ina son aikin nan. Wallahi na gaji, Baba."

"Ka jira jerin baɗi, in ga inda ya dace da kai."

"Baba, shekaruna..."

Alhaji ya ɗaga yatsa. "In ka taka ƙafarka a makarantar nan, ban yafe maka ba, duniya da lahira."

Daga bayan zana aka ji muryar tsohuwa. Tun da aka ɗaura auren 'yarta ba ta taɓa yi wa surukinta magana kai tsaye ba sai ranar. "Alhaji, ka ji tsoron Allah."

Alhaji ya rusuna wa zanar cikin ladabi. "A gafarce ni, Inna. Ɗana ne."

Musbahu ya daɗe a durƙushe. Yaron da aka raina a kan cewa fushin uba wuta ne, ina zai kai wannan kalma? Ya tashi ya buɗe bayan motar ya sa jakarsa.

Jerin baɗi ya fito, na bayansa ma ya fito, amma motocin Alhaji sun ragu, zancen makaranta ya mutu ba tare da an yi masa jana'iza ba. Musbahu ya koma tasha yana kiran fasinjan Gwaram. Wata la'asar aka aike shi ya kai wa manya shayi a rumfa. Yana cikin zubawa, Alhaji Manu ya dube shi ya ce, "Af, Alhaji, wai ina aka kwana a karatun Musbahu?"

Alhaji Barau ya yi dogon numfashi, irin na mutumin da duniya ta zalunta.

"Bari kawai, Alhaji. Kowa a nan shaida ne. Jami'a uku na kai yaron nan, biyu daga ciki na ɗaya ne a duk Najeriya. Motocina na sayar. Amma ka san ba a sayen kai a kasuwa. Kan ne babu."

Majalisa ta girgiza kai. Wani ya ce lallai Alhaji ya yi iya yinsa, ba kowane uba zai yi haka ba. Wani ya ce 'ya'yan yanzu sai addu'a. Malam Abdulsamad ya sunkuyar da kai yana goge tabarau, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya saka wa Alhaji da alheri, shi kuma yaron Allah ya shirye shi, ya sa ya gane gatan da aka yi masa."

Kowa ya shafa. Alhaji ya juyo ya kafe ɗansa da ido, yana jira. Musbahu ya ajiye butar shayin a ƙasa, ya ɗaga tafukansa biyu.

"Amin," ya ce.